Shagon da ba sunanki a takardarsa

Ranar Alhamis da ta wuce 'yar ƙanwata ta shigo gidana bayan isha'i, ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta miƙo min waya. "Inna, duba tambarina." Zanen allura ne mai ruwan zinari, a ƙasansa sunan da ta raɗa wa kayanta da Larabci da boko. Har ta biya an buga mata ƙyallen suna guda 1,000 na liƙawa a wuyan riga, da jakunkuna masu tambari. Abaya kuwa ko ɗaya ba a yanka ba. Na ce da sunan wa za a buɗe wurin? Ta ce ƙawarta 'yar ƙasar Saudiyya ce, tana da sijilli, wato takardar rajistar kasuwanci, da shi za su yi aiki, ita kuma ta riƙa ba ta wani abu duk wata. Jari fa? Adashin uwarta za ta kwasa, riyal 20,000, ta zuba a yadi gaba ɗaya kafin azumi don a yi mata ragi.

Sai da na ajiye kofin shayin da ke hannuna. Ni ce ta 2012 aka ɗauko aka zaunar a gabana, bambancin kawai ni ba ni da tambari.

A 1999 na biyo mijina Jidda, da keken Butterfly na hannu a cikin kaya. A unguwar Sabil muka zauna. Da gyara na fara: rage tsawon abaya, canza zif, sakin ƙugu. Daga baya matanmu suka gane ni, don telan Indiya ko na Pakistan komai iyawarsa in kin ba shi atamfa sai ya raba miki fulawa biyu, rabi a gaba rabi a hammata. Amma abin da ya fitar da sunana wani abu ne da ya faɗo min a rai wata rana ina goge babbar rigar maigida. Na ɗauki aska takwas ɗin nan ta gaban riga na ƙanƙance ta, na yi surfaninta da baƙin zare mai sheƙi a bakin hannun baƙar abaya. Daga nesa ba ki ganin komai, sai mace ta ɗaga hannu haske ya bugi zaren. Hajiyoyin Kano da Zinder suka rinƙa aiko yara har gida suna nemanta ta tsaraba. Har gobe ina alfahari da wannan hannun riga, kuma ba na jin akwai yarinyar da ta zana abin da ya fi shi a waya.

Yabon ne ya kumbura min kai. A 2012 na ce na wuce ɗinkin tsakar ɗaki, sai shago. To baƙo mai igama, wato takardar izinin zama, ba ya buɗe ƙaramin shago da sunansa a ƙasar nan, kowa ya san haka. Kowa kuma ya san yadda ake yi: a nemi ɗan ƙasa ya ba da suna, a riƙa biyansa. Larabawa suna ce masa tasattur, kuma laifi ne tun a lokacin. Na san laifi ne. Abin da na faɗa wa kaina shi ne rabin shagunan layinmu a haka suke, kuma matar da ta ba ni sunanta mutuniyar kirki ce. Ban yi ƙarya ba, mutuniyar kirki ce, har bikin babbar 'yata ta zo da turare. Sai dai takardar haya sunanta, mitar wuta sunanta, asusun banki sunanta, rasit ɗin kekuna huɗun da na saya da gumina sunanta. Ni a takarda ko mai shara ban kai ba.

Kada a ce ban ci moriya ba. Da allurar nan na aurar da 'ya'ya biyu, na kafa harsashin gida a Kano. Da aka shigo da kuɗin zaman iyali a 2017, riyal 100 kowane kai duk wata, ya yi ta hawa har 400 a 2020, albashin maigida ba zai ɗauka ba, shagon ne ya riƙe mu. Wanda zai zage ni ya fara gaya min abin da zai ciyar da yara da shi.

Amma lissafi ban iya ba, kuma girman kai ya hana ni koya. Ga yadda nake yi: yadin nida mita 4, zare, 'yan duwatsu, ladan tela, in haɗa in ga sun kai 100, in sayar 150, in ce na ci ribar 50. Dare ukun da na yi ina surfani har idona na ruwa ban sa ba. Haya ban sa ba, wuta ban sa ba, kuɗin mai suna ban sa ba. Shekara tara ban taɓa biyan kaina ko riyal ɗaya ba, in na buƙaci cefane sai in zura hannu a durowa. Ga bashi. Hajiya za ta kwashi abaya goma, "in na isa gida na sayar zan aiko," ni kuma kunya ta hana ni cewa a'a ga wadda ta zo ɗakin Allah. Littafin yana nan a ƙasan akwatina, wasu masu sunan ciki sun riga mu gidan gaskiya, na yafe, wasu kuma ina ganin hotunansu a Facebook suna umara ta biyar.

Wajen 2018 abaya ta fara canzawa a idona, launuka suka shigo, buɗaɗɗen gaba, yadi mara nauyi. Na taɓe baki na ce yayi ne. Ba yayi ba ne.

Janairun 2020 na yi babbar wautar. Na shiga kasuwar Balad ta tsohon garin Jidda na ɗauki bandir-bandir na baƙin yadi, rabi kuɗi hannu rabi bashi, ina lissafin umarar azumi da Hajji. Ƙarshen Fabrairu aka dakatar da masu zuwa umara daga waje saboda korona. Azumi ya zo kowa na kulle a gida. Hajjin shekarar ba wanda ya zo daga ƙetare, na 2021 ma haka. A tsakani, watan Yulin 2020, harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15. Yadi ya yi kwantai a kan kanta, kullum in shiga in kalle shi in fito. Ina so in ce ƙaddara ce, kuma ƙaddarar ce, wa ya san korona na tafe? Amma ko mutum ɗaya bai ba ni kafin alƙalami ba lokacin da na ɗauki yadin nan. Zato na saya.

Sannan sabuwar dokar tasattur ta fito, ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5, mai suna da mai fakewa duka. Baiwar Allah ta tsorata, 'ya'yanta suka matsa mata, ta soke sijilli. Da safe na je na tarar da sabon kwaɗo. Na tsaya a ƙofar da makullina a hannu, ba inda zan kai ƙara, don in na buɗe baki kaina na kai. Keke biyu ta bari na ɗauka, don Allah da zaman tare. Ba a jima ba rusau ya ci Sabil da Karantina da Gulail, masu saye na shekara ashirin suka watse, wasu arewacin gari, wasu Makka, wasu gida gaba ɗaya.

Duk wannan na zayyana wa yarinyar nan. Idonta na kan waya ta ce, "Inna, zamani ya canza." Wai yanzu gwamnati na da hukumar kayan ado tun 2020, wai an yi makon nunin kaya a Riyad a 2023, wai mabiyanta sun haura dubu takwas. Mabiya! Na ce a cikinsu nawa suka turo ko riyal goma? Waɗanda kike gani a Riyad takardunsu da sunansu suke. Ku yaran yanzu kun iya ɗaukar hoton riga ta fuska bakwai, amma a ba ku zif ku sa sai ya yi tudu kamar kunyar dankali.

Na yi niyyar in rubuto muku shawarwari goma, har na fara jerawa a bayan ambulan. Da na duba, yawancinsu surutu ne.

Kada ki ɗora guminki a kan sunan wani, ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Kayan aro ba ya rufe katara. In takardarki ba ta ba ki damar buɗe shago a nan ba, ki nemi wurin ɗinki mai lasisi ya ɗauke ki aiki ta hanyar da doka ta yarda, ki koyi yanka a kan yadin wasu. Ko ki yi rajistar sunanki a gida, ki sayi yadi a Kantin Kwari, telolin Kano su ɗinka. Na san da na faɗi haka dariya ta yi, don ita a nan aka haife ta, ba ta taɓa yin wata biyu a jere a Kano ba, Hausarta ma rabi Larabci ce. Ban da amsar wannan.

Kada almakashi ya taɓa yadi sai an ba da rabin kuɗi. Ko hajiya ce, ko matar malam ce.

Ki sa ladan hannunki a farashi kafin komai, in ya yi tsada mai saye ta tafi, ta tafi. Kada ki ci bashi. To, amma ni da ban ci bashin keken farko na lantarki ba, da har yau ina rage tsawon abayar mutane a tsakar ɗaki. Ki ci kaɗan, wanda in ya nutse ba zai nutse da adashin uwarki ba. Ki fara da abaya biyar, ba ɗari ba. Sai dai kar ki daɗe a biyar ɗin kamar yadda na daɗe a baƙi.

Jiya ta dawo da samfurin farko a leda, launin toka, ta riga ta liƙa masa ƙyallen sunan. Maganar ƙawar ban ji ta sake tayarwa ba, ni ma ban tambaya ba. Hannun hagu ya fi na dama tsawo da yatsa biyu. Na miƙa mata reza na ce ta farke, ta ce ba wanda zai lura a hoto. Na karɓa na farke da kaina, tana zaune tana danna waya, har ta ɗago ta tambaye ni ko aska takwas ɗin nan za ta hau kan toka.