Abin da yashin Portmahomack ya koya mana

Portmahomack ƙauyen masunta ne a arewa maso gabashin Sikotland, ƙasar Piktawa, mutanen da suka zauna a yankin a zamanin dā. A 1984 hoton da aka ɗauka daga jirgin sama ya nuna alamar tsohon gwalalo kewaye da cocin St Colman. Daga baya Martin Carver na Jami'ar York ya jagoranci haƙar neman kayan tarihi har zuwa 2007, aka gano gidan zuhudu na Kirista wanda ya bunƙasa a ƙarni na 8.

Wurin yashi ne, kuma yashi ba ya jira. Mu masu haƙar, da mun kankare fili da cokalin gini, sai mu ga tabo baƙi-baƙi inda ginshiƙin itace ya ruɓe. Iska na busawa, tabon ya ɓace. Don haka muke yayyafa ruwa a hankali, mu ɗauki hoto, mu zana, kafin kowa ya taka.

Babban darasi ya fito ne daga abubuwan da ido ke renawa: ƙananan tsakuwa masu santsi, ƙasusuwan ƙafar shanu a jere, dutsen goge fata, da toka. Ɗaya-ɗaya ba su da ma'ana. Sai da aka rubuta inda kowanne yake, kusa da wani kwarmi da aka jera wa duwatsu, sannan majema ta bayyana. A kwarmin ake jiƙa fata. Tsakuwar ake ƙullewa a gefen fatar don igiya ta kama ba tare da ta yage ba, ƙasusuwan kuma su ne turakun ɗaure ta. Fatar rubuta littafi suke yi.

Tokar ta fi ba ni mamaki. Yankin ba shi da farar ƙasa ta cire gashi, sai suka ƙona ciyawar teku. Shaidar ita ce ƙananan ɓawon tsutsar teku da ke manne wa ciyawar, waɗanda rariya mai manyan ido za ta zubar. Kowace toka a ɗebi samfurinta, a tace a rariya mai laushi.

A sama da majemar akwai shimfiɗar gobara, wajen shekara ta 800, cike da gutsattsarin gicciye na dutse da aka farfasa. Ana zargin 'yan Viking, maharan teku daga arewacin Turai. Kada a goge irin wannan dutse da buroshi mai ƙarfi. Dutsen yashi ne, sassaƙar takan bi buroshin ta tafi.