Inda aka kwana a tace irin masara mai jure fari

'Yan'uwana masu koyon tace iri, masarar gwajin da na shuka a noman rani ta kai lokacin da ake jira. Na janye mata ban ruwa tun saura kamar mako biyu ta yi fure, yanzu kuwa ƙishin ya kama ta sosai. Wasu tun da hantsi ganyensu ke naɗewa, wasu sai rana ta take, akwai kuma 'yan kaɗan da ke tsaye abinsu har yamma.

Da gangan na saita ƙishin ya faɗo a kan fure. Masara tana iya shan wuya tana ƙarama ta farfaɗo, amma rashin ruwa a lokacin fure shi ke karya ta. Furen saman kara ba ya fasa fitowa a kan lokacinsa, ya yi ta zubar da garinsa na kusan mako guda. Gemun goyo ne ke makara. Kowane sili ɗaya na gemun nan yana haɗe da ƙwaya ɗaya, in garin fure bai sauka a kansa ba, wurin ya tashi fanko. Shi ya sa a shekarar fari za ka ɓare masara ka tarar da totuwa duk giɓi kamar bakin tsoho.

Don haka aikina kullum da safe shi ne bin kunya ɗaya bayan ɗaya. Karan da ya fara zubar da gari, sai in ɗaura masa jan zare da 'yar takarda mai kwanan wata. Ranar da gemu ya leƙo, in ƙara rubutawa. Wanda tazarar da ke tsakanin zubar garinsa da leƙowar gemunsa ba ta wuce kwana biyu zuwa uku ba, shi ne ya shiga lissafi. Wanda garinsa ya ƙare gemu bai fito ba, ko da ya fi kowa tsayi da kauri, na sallame shi.

Dabarar ba tawa ba ce. A tashar CIMMYT, cibiyar binciken masara da alkama ta duniya, da ke Tlaltizapán a ƙasar Meziko, tun a shekarun 1970 aka fara tace wata masara mai suna Tuxpeño Sequía, ana hana ta ruwa da rani ana zaɓen waɗanda suka yi goyo. A zagaye 8 na zaɓe, amfanin ya riƙa ƙaruwa da kimanin kilo 100 a kowace hekta a kowane zagaye. Tazarar fure da gemu ta ragu, furen sama ma ya ƙanƙance. Abin da ya fi burge ni shi ne daga baya an gano irin da aka tace don fari ya fi iyayensa yin abin kirki a ƙasar da ba ta da isasshen naitirojin, wato sinadarin taki da ke sa ganye kore. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ko ƙishi ko yunwa, shukar da ta saba tura ɗan abincin da ta samu wajen goyo ita ke tsira da 'ya'ya.

Ina da fili na biyu kuma, shi na gwajin yunwar taki ne. Na gajiyar da shi ta hanyar shuka ba taki, bayan girbi kuma in kwashe karan kakaf. Alamar ta fito a ganyen ƙasa, rawaya ta faro daga tsini tana bin jijiyar tsakiya. A nan ina neman waɗanda ganyensu ya daɗe yana kore. Sai dai kada yunwar ta yi yawa har kowa ya kasa goyo, don in duk sun faɗi babu wanda za a zaɓa.

Ku yi hattara da karan bakin gona da wanda maƙwabcinsa ya mutu. Sarari suka samu, ba nagarta ba. Ni ba na ɗaukar iri sai daga karan da ke da maƙwabta a kowane gefe.

Akwai matsalar da zare ba ya magancewa. In ka zaɓi goyo, uwa kawai ka zaɓa, uban kuwa iska ce ta kawo shi, wataƙila ma daga ragon karan da ka ƙi. Saboda haka kowane goyo zan raba ƙwayarsa biyu, rabi a shuka a kunyarsa shi kaɗai, rabi a adana da lamba. Kunyar da ta yi fice, ajiyarta zan ɗauko in haɗa da 'yan'uwanta su yi barbara a fili na daban, nesa da wata masara da aƙalla mita 200. Kuma ba zan matse zaɓen a kan goyo biyar ko goma ba, don masara ba ta son auren dangi, nan da nan take tsumburewa. Wanda ya riga ni kaiwa matakin shuka kowane goyo a kunyarsa, ina son jin tsawon layin da ya yi amfani da shi.