Haruffan da ban karanta ba

Asabar da ta wuce na miƙa makullan keji na bar gidan kiwon karnukan da na yi wa aiki shekara shida a wajen Ajah. Da wanke kashi na fara, a ƙarshe ni nake duba takardar asalin duk karen da aka shigo da shi. Kafin in tafi ina so in bar wa 'yan'uwa masu wannan sana'a labarin kuskuren da ya fi ƙona min rai.

A shekarata ta uku oga ya shigo da wani karen Jamus, irin wanda a nan Legas ake kira Alseshan. Baƙi da ja, ƙato, gashi na sheƙi, in yana tafiya sai ka ce doki a filin hawan sallah. Wani mai sito a Ikorodu yana neman karen gadi, oga ya jefo min takardar ya ce in duba. Na bi sunayen iyaye da kakanni, kusan kowane suna da SchH ko IPO a gefensa, wasu har mataki na 3. Na san waɗannan haruffa na jarrabawar aiki ne: bin sawu, biyayya da kai hari, kowanne maki 100. Sai na bugi ƙirji na ce jinin aiki ne.

Mai gadin siton ɗan'uwanmu ne, dattijo daga ƙasar Katsina. Ni na kai masa karen da hannuna, na ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka, wannan ba ya ja da baya." Wata biyu bayan nan ɓarayi suka haura katanga. Karen ya yi haushi, da suka buga ƙarfe a ƙasa suka yi kansa sai ya shige ƙarƙashin tirela. Suka ɗaure Baba, suka kwashi kaya. Gari na wayewa aka sallami Baba daga aiki.

Wanda ya buɗe min ido wani tsohon ɗan sanda ne da ya yi aiki da karnuka, yana zuwa yi mana horo. Ya shimfiɗa takardar a kan benci, ya ɗora yatsa a gaban suna na farko, can hagu inda idona bai taɓa tsayawa ba. Ya ce, "Ɗana, ka karanta wutsiya ka bar kai." VA, V, V, VA, haka suka jero har ƙasa. Waɗannan darajojin gasar kyau ne, VA kuwa a babbar gasar shekara ake ba da ita ga 'yan ƙalilan. A bayan kakannin ga sunayen gidaje irin su Wienerau da Arminius, waɗanda duk mai harkar ya san na gasa ne. Sannan ya faɗa min abin da ya kashe min jiki: a tsarin ƙungiyar SV ta Jamus, wadda Max von Stephanitz ya kafa a 1899, karen gasa ma sai ya ci jarrabawar aiki kafin ya kai wannan daraja. Ke nan ganin SchH, ko IPO, ko IGP kamar yadda ake kiranta tun 2019, bai raba maka komai ba. Dukkansu suna da ita. Wani ya tsallake da ƙyar sau ɗaya a filin da ya saba, wani kuwa ita ce rayuwarsa.

Jinin aiki da wata alama yake zuwa. Za ka ga kakanni sun shiga BSP, gasar aiki ta ƙasar Jamus, ko gasar duniya ta WUSV, alhali a wajen kyau yawanci SG ko G suka samu, darajojin da ke ƙasa da V. Za ka ga DDR, wato tsatson tsohuwar Jamus ta Gabas, ko sunan Pohraniční stráže, gidan kiwon masu tsaron iyakar tsohuwar Cekoslobakiya. Jikin ma yana magana. Na aiki galibi kalar toka-toka ne ko baƙi wuluk, bayansa a miƙe, bai cika girma ba. Na gasa baƙi da ja ne, baya ya ɗan yi doro ya gangara zuwa ƙugu. Duk wannan yana gabana a keji, ina shafa shi kullum, ban gani ba.

Laifina na ɗauka. Abin da har yau ban haɗiye ba shi ne oga ya sani. Shi ya yi odar karen, ya san daga wane gida ya fito, bakina kawai yake so maganar ta fito. Da mai sito ya zo yana faɗa, a gabana ya nuna ni ya ce yaron nan ne ya duba. Ya yanke min albashin wata biyu, ni kuwa a lokacin matata na da tsohon ciki a Agege. Saboda haka shawarata ga duk wanda aka miƙa wa takarda: ka tambayi mai gida me shi ya gani a ciki kafin ka buɗe baki, kuma a gaban mutane.

Sauran abin da na koya ba shi da tsawo. Ka duba hatimin da ke takarda na gwajin lafiyar ƙugu da na gwiwar ƙafar gaba. Ka gwada lambar na'urar da ke ƙarƙashin fata da wadda ke takarda, don a Legas ana ɗora takardar wani kare a kan wani. Ka gwada karen da daddare a wurin da bai sani ba. Jinin aiki ma yakan fitar da matsoraci, kuma ba kowane gida ne zai iya da zafinsa ba. Bayan wannan abu na duba takardu da yawa, babu kare ɗaya da aka dawo mana da shi.

Karen yana nan da rai. Wani iyali a Magodo suka saye shi, yara na hawa bayansa, kuma ya dace da su ƙwarai. Baba ya koma gida. Na nemi lambarsa wajen 'yan garinsu masu sayar da albasa a Mile 12, na kira sau uku, bai ɗauka ba.