Yau na narkar da soson hancin jirgi

Asabar, Jidda.

Ina idar da sallar asuba na hau saman bene duba murfin injin ƙaramin jirgin saman da nake haɗawa. Shekaranjiya bayan isha'i na shafa masa ifoksi, ruwan gam ɗin nan mai daskarewa ya yi tauri, don da rana zafin garin nan yana sa ya daskare tun yana cikin kofi. Na ƙwanƙwasa da farce, ya amsa kamar ƙwarya. Alhamdulillahi.

Kwana uku na yi ina sassaƙa soson da ke ciki, wanda a kansa na gina siffar murfin. Ba farin fillin na kwalin firji ba ne, shi wancan marmashewa yake yi. Shuɗin nan na samo, wanda magina ke sa wa gini don tare zafi, sanfefa tana binsa lafiya lau. Na naɗe shi da salatif don ciki ya fito sumul, sannan na ɗora ƙyallen faiba, wato na zaren gilashi, ninki 3. Wancan karon ruwan foliyesta, wani gam ɗin daban, na shafa kai tsaye, kafin in ankara ya cinye soson, aikin mako guda ya koma kunu. Har yau abin yana min ciwo.

Da la'asar ɗan yayata ya zo, ya jujjuya abin a hannu.

"Kawu, ta ina soson zai fito? Ai bakin ya yi ƙanƙanta."

Na ce ya ja baya tukuna, asiton zan zuba, ruwan da ke narkar da soso, ba ya wasa da wuta, warinsa kuma yana hawa kai, shi ya sa ban yarda in yi a ɗaki ba. Na yanka salatif ta baya, na tsiyaya kaɗan. Soso ya fara tsuwa yana lotsawa, ya zama wani abu mai danƙo kamar ƙaro.

"Kawu, ka ɓata shi!"

Wallahi ni ma sai da gabana ya faɗi. Siffar da na goge da hannuna ta tafi ke nan, in murfin ya fashe sai sabuwar sassaƙa. Amma guda ɗaya tak nake buƙata, ba zan ɓata makonni ina haɗa mazubi mai ɓari biyu ba.

Na zaro salatif da ragowar danƙon, na ɗauraye. Na miƙa wa yaron murfin, ya ce kamar bai riƙe komai ba. Muka gwada a jikin jirgi, ya zauna, sai dai yana ɗan gogar injin ta hagu. Na yi alama da fensir, aka kira magariba muka sauka.