Daga Memfis zuwa Clarksdale Neman Kiɗan Buluz

Shekara tara ke nan ina aikin DJ a bukukuwan aure a Kano, kuma duk tsawon wannan lokaci na ɗauka cewa kiɗa mai sauri ne kaɗai yake tayar da mutum daga kujera. Da wannan tunani na sauka a Amurka, inda wani jami'in shige da fice ya tsare ni kusan awa guda yana jujjuya fasfona, yana tambayata cikin gatsali ko saka faifai ma sana'a ce. Na haɗiye fushina na wuce.

Titin Beale na Memfis, wanda ya yi suna da gidajen kiɗan buluz, bai burge ni ba, domin 'yan yawon buɗe ido sun cika shi, kuma kuɗin kwanon abinci ɗaya a can zai yi wa gidanmu cefanen kwana biyu. Sai na bi babbar hanya mai lamba 61 zuwa Clarksdale a jihar Misisipi, ta cikin gonakin auduga inda jikokin bayi suka haifi kiɗan buluz. A gidan tarihin buluz na garin na daɗe tsaye gaban ɗakin katako da fitaccen mawaƙin buluz Muddy Waters ya zauna a gonar Stovall, inda mai tattara waƙoƙin gargajiya Alan Lomax ya naɗi muryarsa a 1941, kafin mawaƙin ya yi ƙaura zuwa Shikago a 1943.

Ainihin karatun kuwa da dare na same shi, a wani ƙaramin gidan rawa, wurin wani dattijo da ke saka faifai idan makaɗa sun tafi hutu. Da ya ji sana'armu ɗaya, sai ya jawo mini kujera kusa da shi. Ya nuna mini yadda mawaƙi yake faɗin layi ɗaya, ya maimaita shi, sannan ya rufe da na uku, jita tana karɓa masa kamar 'yan amshi, duk a cikin gaɓar kiɗa 12 da ke zagayowa. Na ce masa, "Baba, wannan kiɗa ai ya yi sanyi da yawa." Ya ce, "Ɗana, bar kallon na'ura, dubi ƙafafunsu." Na duba, sai na ga fili ya cika, mutane bibbiyu suna jan ƙafa a hankali, ba mai gaggawa. Bai taɓa yanke waƙa a tsakiya ba, alhali mu a gida da ƙyar muke barin waƙa ta yi minti biyu, kuma yakan bi mai sanyi da mai ɗan ɗingishi domin kada jiki ya mutu. Haka mai kalangu na gaske yake karanta masu rawa, abin da mu masu na'ura muka yi sakaci da shi. Ba a liƙi a can. Bokiti ake zagayawa da shi, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa.

Washegari matar dattijon ta soya mini tarwaɗa da garin masara, ta tabbatar mini babu man alade a ciki, kuma ta ƙi karɓar ko sisi.

Na biya ta Indianola na ziyarci kabarin B.B. King, shahararren mawaƙin buluz kuma makaɗin jita, na yi kwana biyu a Shikago cikin sanyi mai ratsa ƙashi, na dawo da faifai 14. Ranar Asabar ina da biki, kuma na riga na ware guda uku da zan saka bayan shigowar amarya.