Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Abu Sab'in da Lubiya, Guzurin Shanu na Bazara

Assalamu alaikum 'yan uwa. A makon jiya mun tsaya a shekarun aikin hawasha, wato gonar ban-ruwa da ake yanka wa manomi, a Jazira, tsakanin Sinnar da Wad Madani. Yau zan ajiye labari gefe in yi bayanin noman ciyawa, tunda shi kuka fi tambaya.

Duk mai kiwo a Sudan ya san inda wuyar take: daga Maris zuwa Yuni. Karan dawa ya ƙare, harawar gyaɗa ta yi tsada, ruwan sama kuma sai Yuli. Saniya mai nauyin kilo 300 tana cin busasshen abinci kamar kilo 8 a rana, ka ga a kwana 120 ta kusa cinye tan guda. Da wannan lissafi ake yanke shawarar faddan nawa za a shuka. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne.

Abu sab'in dawa ce ta ciyawa, sunanta ya fito daga kwana 70 da take yi ta isa yanka. Tana cika ciki amma ita kaɗai ba ta kawo nono. Shi ya sa ake haɗa ta da lubiya, waken nan mai yaɗo da mutanen nan ke kira lubiya afin. Ganyenta ke gina jiki, saiwarta kuma na bar wa ƙasa ƙarfi.

Ka ƙirga baya daga ɗaukewar ruwa. In ka shuka a farkon Agusta, yanka zai faɗo tsakiyar Oktoba, lokacin da rana za ta busar maka ba tare da fargabar hadari ba. A yi kunya mai tazarar santimita 80. Kunya biyu dawa, ɗaya lubiya. Irin dawa kamar kilo 12 a faddan, lubiya kilo 7. Na fi son lubiya ta riga shiga ƙasa da mako guda, domin dawa na saurin tashi, in ta rufe ta da inuwa sai ka tarar da siraran igiyoyi babu ganye. Takin yuriya rabin buhu ya isa, a bi layin dawa da ita bayan mako uku.

Baƙar lakar Jazira tana riƙe ruwa. In sama ta yi shiru, a buɗe abu sitta, wato ƙaramar hanyar ruwa da ke shiga gona, duk kwana 12 zuwa 14, amma kada ruwa ya kwana a gona. Lubiya ba ta jure wannan, ganye zai yi rawaya, saiwa ta ruɓe. Gonar da ƙuduji ya kama, wanda nan ake ce wa buda, kada a sa mata dawa a shekarar.

Yanzu ga wurin da ake asarar dabba. Ƙaramar dawa da ba ta wuce gwiwa ba tana da guba, haka ma gyauron da ya tsiro bayan yanka, musamman in ya sha ƙishi sannan ya samu ruwa. Saniya za ta ci, ta soma haki da rawar jiki, kafin a ankara ta faɗi. A bari ta wuce ƙugun mutum, in an yanka kuma a bar ta ta sha rana. Ɗanyar lubiya ko barsim, wata ciyawar dabbobi ta dangin wake, da safe a kan cikin da babu komai tana kawo kumburin ciki. A fara ba da busasshe tukuna.

A sa lauje sa'ad da rabin dawar ta fitar da kai. Masu jira ta yi ƙwaya suna ganin dami ya yi nauyi, alhali kara ya zama itace, shanu su tsinci ganye su bar sauran. A bar tsawon tafin hannu a ƙasa don ta sake tohowa.

Shanya ita ce rabin aikin. Karan dawa mai kauri ne, yana neman kwana huɗu ko biyar, lubiya kuwa kwana biyu ta bushe. In ka haɗa su wuri ɗaya, kafin kara ya bushe ganyen lubiya ya zama gari, amfanin da ka wahala dominsa ya bi iska. Saboda haka a shanya su daban. A juya lubiya da sassafe tana da laushi, a ɗaure ta tana da sauran korenta, ta ƙarasa bushewa a inuwa. Gwajin kara: murɗa shi da hannu, in ya jiƙa maka tafi bai yi ba. Wanda aka tara da danshi zai yi zafi a ciki, ya yi fumfuna.

A ɗora dammunan kan rumfa saboda gara, a rufe sama da tabarma, gefe a bar wa iska. Wajen bayarwa a daddatsa karan kamar tsawon yatsa, kashi biyu dawa, kashi ɗaya lubiya, da ɗan gishiri. Saniyar da ake tatsa a ƙara mata kilo guda na umbaz, wato tunkuzar gyaɗa.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, sai batun barsim da noman hunturu.