Tsatsar da ta ɓuya a ƙarƙashin robar gilashi

Ƙuraje uku na fara gani, ƙanana kamar na zufa, a fentin kusurwar ƙasa ta gilashin gaba, ɓangaren fasinja. Motar tsohuwar a-kori-kura ce ƙirar 1986, irin wadda roba ke riƙe da gilashinta, ba gam ba. Na sa farce na latsa ɗaya, ya fashe, wani jan ruwa ya fito. Na goge da tsumma na ce ba komai. Ba a yi wata biyu ba, duk sanda aka yi ruwan sama sai in tarar da shimfiɗar ƙafar fasinja ta jiƙe sharkaf, motar kuma sai warin rima take.

Nan na yi wautata ta farko. Na samo silikon irin wanda ake liƙe tayil da shi a banɗaki, na ɗaga leɓen robar na ɗura shi daga wannan kusurwa har waccan. Yoyo ya tsaya kusan wata shida, ina ta yaba wa kaina. Ashe fami na yi wa miki. Irin wannan silikon mai warin tsami, asid yake fitarwa yayin da yake bushewa, kuma kan ƙarfen da fentinsa ya riga ya mutu na zuba shi. Ga shi ya toshe wa ruwan da ke shiga ta sama hanyar fita. Da ƙurajen suka dawo, sun haura goma.

Dole gilashi ya fita, babu wata dabara. Sai da na tabbatar sabuwar roba tana hannuna kafin na taɓa tsohuwar, domin ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi, kuma na riga na yanke shawarar yanka ta zan yi. Gilashin gaba falle biyu ne da leda a tsakani, in ya tsufa ɗan murɗawa kaɗan ya isa ya tsage daga gefe. Ƙoƙarin ceton tsohuwar roba shi ke jawo asarar gilashi. Muka cire waifa da madubin ciki, na bi leɓen robar na waje da reza, ƙanina yana ciki yana turawa da tafin hannu a hankali. Sau biyu yana cewa, "Yaya, bari in sa ƙafa mana." Na hana shi.

Abin da na gani ya kashe mini jiki. Bakin ƙarfen da robar ke kamawa fallaye biyu ne da aka haɗa da ɗigon walda, kuma tsatsa ta shiga tsakaninsu ta kumbura su, suna ɓarewa kamar ɓawon itace. Na bi wurin da sukundireba ina dannawa. A wuri uku ta ɓurma ba tare da na sa ƙarfi ba. Wurin da ya ruɓe ya kai santimita 20, alhali abin da ya bayyana a waje bai wuce faɗin yatsu uku ba. Ƙura da guntun ganye sun taru a ƙarƙashin robar sun zama laka, lakar kuma ba ta bushewa. Na kuma ga wani dogon karce a miƙe, alamar wuƙar wanda ya taɓa canza gilashin shekarun baya, bai shafa komai a kai ba ya mayar da roba. Ta nan tsatsar ta samu ƙofa.

Burushin waya da na ɗaura wa injin huda ya so ya yaudare ni. Yana goge tsatsa har ta yi baƙi tana sheƙi, ka ɗauka ƙarfe ne. Sai da na koma kan sanfefa mai lamba 80 na ga bambanci: ƙarfe mai lafiya fari ne tas. Ƙananan ramukan da sanfefa ba ta isa ciki ba na shafa musu maganin tsatsa mai asid ɗin fosfarik, suka koma baƙi. Maganin yana tsayar da tsatsa, amma ba ya dawo da ƙarfen da ta cinye.

Hujojin nan uku na so in cike da fila, ƙullin nan da ake cike lotsar jikin mota da shi, in huta. Mai waldar da na kira ya leƙa, ya sa yatsa cikin ɗaya, ya ce, "Maigida, in fila kake so, wallahi nemi wani. Ta baya za ta sha ruwa, baɗi war haka kana nan kana nemana." Ya yanki kwali ya kwafi siffar wurin, ya fitar da faci daga fallen ƙarfe mai kauri kusan milimita 1, ya yanke ruɓaɓɓen har inda ƙarfe ya yi kyau. Waldar tasa ɗigo-ɗigo ce, ya ɗiga nan, ya tsallaka can, ya jira ya huce. Ƙarfen jikin mota siriri ne, in aka ja masa wuta a jere sai ya lanƙwashe, gilashi kuma ba zai sake zama daidai ba. Mun cire kan batir, mun rufe dashbod da jiƙaƙƙen bargo, amma na manta kujera. Tartsatsi ɗaya ya huda ta.

Kafin fenti muka gwada gilashin da sabuwar robar, kuma gara da muka yi. Walda ta yi tudu a kusurwa, robar ta ƙi zama, sai da aka sake gurzawa. Daga nan na fesa fentin ƙasa na ifoksi, mai ruwa biyu da ake haɗawa, na bi haɗin da abin toshe tsaga, sannan fentin sama. Inda silikon ya taɓa shafa, fenti ya ƙi kamawa, ya yi ido-ido, na goge na sake har sau biyu. Ta bayan facin, ƙarƙashin dashbod, na fesa kakin hana tsatsa, tunda walda ta ƙone duk abin da ke kare wurin. Na bar shi kwana biyar.

Wanda motarsa mai gilashin gam ce, lissafinsa daban. Can gilashin yana cikin abin da ke riƙe da rufin mota, kuma gam ɗin ba ya son fila ko ɗanyen fentin sama a ƙarƙashinsa. Ni da tawa ce, da masu sa gilashi zan bar wa wannan ɓangaren.

Mayarwa da igiya muka yi. Na sa robar a gilashi, na zagaya siririyar igiya cikin kwarminta, bakunan biyu suka haɗu a tsakiyar ƙasa, na shafa ruwan sabulu. Ƙanina ya danna daga waje, ni ina ciki ina jan igiyar sannu-sannu, leɓen robar yana hawa kan ƙarfen. A kusurwar da aka yi wa faci na riƙe numfashi, ta shige.

Ƙanina ya saki tiyo a kan gilashin minti goma, ni kwance a ƙasan dashbod da tocila. Ko ɗigo. Fentin kusurwar ya ɗan fi sauran haske in rana ta haska shi, hujin kujera kuma yana nan, na rufe shi da tawul.